Kusheyin duwatsu a tuddan Birtaniya: asalinsu da dokar da ke kare su

A kudu maso yammacin Ingila, cikin gundumar Devon, akwai wani makeken tudu da ake kira Dartmoor. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 954, kuma ƙololuwarsa mafi tsayi, High Willhays, ta ɗaga mita 621 sama da teku. A sassansa mafi tsayi babu gari babu gona, sai ciyawa da fadamu da manyan duwatsu, sai kuma tumaki da shanu da gajerun dawakai da ke kiwo. A kan tuddansa matafiyi zai riƙa cin karo da tsibin duwatsu, wani ya fi mutum tsayi, wani kuma ciyawa ta kusa binne shi. Wanda bai sani ba zai ɗauka baraguzai ne ko aikin makiyaya. Alhali da yawa daga cikinsu kusheyi ne da aka gina shekara 3,500 zuwa 4,000 da suka wuce, kuma a dokar ƙasar, kwashe duwatsu daga wanda gwamnati ta yi wa rajista laifi ne da ke iya kai mutum gaban kotu.

Birtaniya ta fara kafa dokar kare irin waɗannan wurare tun 1882. Tarihin dokar, da abin da ta iya hanawa da wanda ya gagare ta, yana nuna wuyar da ke tattare da tsare kayan tarihin da ba shi da ƙofa, ba shi da maigadi, kuma a ido bai bambanta da sauran duwatsun daji ba.

Mece ce kushewar duwatsu?

Turawan Ingila na kiran irin wannan tsibi da kalmar "cairn", wadda suka aro daga harshen Gelik na mutanen Scotland, inda take nufin tarin duwatsu. A wuraren da ƙasa ke da laushi, mutanen da kan tara ƙasa a kan mamaci su yi masa tudun kabari. A kan tsaunuka kuwa, inda ƙasa ba ta da zurfi amma dutse ya wadata, sai su yi aikin da dutse. Al'adar ta wanzu a sassan duniya da dama, daga Ireland da ƙasashen arewacin Turai zuwa yankin Larabawa da hamadar Sahara, har da duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar.

Masana ilimin kufai sun kasa na Birtaniya gida-gida. Mafi daɗewa su ne na Sabon Zamanin Dutse, wanda ya fara a wajajen shekara ta 4000 kafin Miladiyya, lokacin da noma da kiwo suka isa tsibirin. Waɗannan dogaye ne ko masu ɗakuna a ciki, ana shiga ta wani siririn lungu, kuma akan ajiye ƙasusuwan mutane da yawa a cikinsu na tsawon zamani. Na Camster da ke Caithness, a arewacin Scotland, suna cikin waɗanda suka shahara.

Waɗanda suka fi yawa a kan tuddai su ne kewayayyun kusheyi na farkon Zamanin Tagulla, tsakanin kimanin 2200 da 1500 kafin Miladiyya. Faɗinsu yakan kama daga 'yan mitoci zuwa sama da mita 20. A ƙarƙashin wasu akwai akwatin dutse, wato faffaɗan duwatsu huɗu da aka kafa a tsaye aka rufe da na biyar. Da farko ana kwantar da gawa a ciki a takure, gwiwoyi kusa da ƙirji. Daga baya ƙona gawa ya yawaita, sai a zuba toka da ƙasusuwa a tukunya ko a naɗe su cikin fata. Akwai kuma mai siffar zobe wanda tsakiyarsa fili ne, da wanda aka yi wa da'irar manyan duwatsu a gefe don su riƙe tsibin, da wanda aka gina a kewayen wani dutse na halitta da ke tsaye a kan tudu.

Ba kowane tsibi ne kabari ba. Manoman da kan tsince duwatsu daga gonakinsu su tara a gefe, kuma an tona wasu manyan tsibi ba a sami gawa ko ɗaya ba, abin da ya sa masana ke ganin wasunsu wuraren taro ne ko na ibada ko alamun iyaka. Da yake da wuya a bambanta su daga waje, doka na iya kare tarin duwatsun gona na wancan zamani kamar yadda take kare kabari.

Dalilin wanzuwarsu a kan tuddai

A Zamanin Tagulla Dartmoor wuri ne mai jama'a. Yanayi ya fi na yanzu ɗumi, kuma mutane sun zauna a kan tudun suna kiwo da noma. Har yau ana ganin harsashin bukkokinsu na dutse kimanin 5,000, ciki har da 24 da ke cikin katanga guda a Grimspound. Ana kuma ganin dogayen ganuwoyin da suka raba gonaki, masu tafiyar kilomitoci a jere, waɗanda masani Andrew Fleming ya yi bincike a kansu a shekarun 1970. Akwai layukan duwatsu da aka kafa a tsaye, da yawansu suna ƙarewa ne a jikin kushewa. Wanda ya fi tsawo, a kwarin kogin Erme, ya zarce kilomita 3. A Drizzlecombe, layukan duwatsu da wani dogon dutse mai tsayin sama da mita 4 da wani babban tsibi suna wuri guda.

Zuwa ƙarshen Zamanin Tagulla yanayi ya ƙara sanyi da danshi, ƙasa ta yi tsami, taɓon ruɓaɓɓun ciyayi ya yaɗu, mutane suka riƙa gangarawa kwari. Wannan ƙaura ita ta ceci kufan. A filayen ƙasa, garma ta shafe ɗaruruwan shekaru tana baje tudun kaburbura har da yawansu ba a ganinsu sai daga jirgin sama. A kan tudu kuwa ba a yi noma mai yawa ba, don haka gida da gona da kabari suka tsaya inda masu su suka bar su. Darajar wurin a wajen masana tana cikin wannan haɗuwa, domin ana iya ganin nisan da ke tsakanin mazaunin masu rai da makwancin matattu, da kuma inda aka zaɓa aka kafa kowanne.

Zaɓen wurin ma da lissafi aka yi shi. An gina wasu a kan ƙololuwa, wasu kuma a kafaɗar tudu, daidai inda mai tsayuwa a kwari zai hango su a bakin sararin sama. Masana da dama na fassara wannan da cewa kowace zuriya na nuna haƙƙinta a kan makiyaya ta hanyar kabarin kakanninta. Alamun sun ci gaba da aiki bayan an manta da masu su. A 1240, zamanin Sarki Henry na Uku, da aka tura jarumai 12 su zagaya su tantance iyakar gandun sarki na Dartmoor, tuddai masu irin waɗannan tsibi, kamar Cosdon da Eylesbarrow, suna cikin alamun da suka rubuta.

Abin da kabari guda ya bayyana

Ƙasar Dartmoor mai tsami ce, tana cinye ƙashi da fata da itace. Ga shi kuma akasarin akwatunan dutse kusan 200 da aka sani a yankin an riga an buɗe su tun kafin binciken zamani. Saboda haka abin da aka sani game da mutanen da ke ciki ya kasance kaɗan ƙwarai, har zuwa 2011.

A tudun Whitehorse Hill, mai tsayin kimanin mita 600, akwai wani akwatin dutse da ke cikin tudun taɓon ciyayi. Taɓon yana bushewa yana zaizayewa, har dutsen gefe ɗaya ya faɗo. Da aka ga babu yadda za a yi a cece shi a inda yake, sai hukumar gandun Dartmoor ta shirya tona shi a watan Agusta na 2011, da izinin gwamnati. An ɗauke abin da ke ciki a dunƙule zuwa ɗakin bincike a Wiltshire, inda aka warware shi sannu a hankali.

An sami ƙonannun ƙasusuwan matashi mai shekara 15 zuwa 25, wanda masana ke kyautata zaton mace ce saboda irin kayan adon da ke tare da ita. An naɗe ƙasusuwan cikin fatar beya, wata babbar dabbar daji mai gashi da ta daɗe da ƙarewa a Birtaniya. Akwai kwando da aka saƙa da ɓawon itace, cikinsa da duwatsun wuya sama da 200. Wasu na baƙin dutse ne daga Kimmeridge a gundumar Dorset, wasu na amba, wato daskararren ƙaron itace da ake samu a gaɓar tekun Baltik, ɗaya kuma na kuza. Akwai abin hannu da aka saƙa da gashin saniya aka jera masa ƙananan ƙusoshin kuza, da wasu maɓallan itace huɗu da aka sassaƙa ta hanyar juyawa, waɗanda su ne shaida mafi daɗewa ta wannan sana'a a Birtaniya. Gwajin kimiyya ya nuna an yi jana'izar tsakanin 1730 da 1600 kafin Miladiyya.

Babu zinariya ko ɗaya a cikin kabarin. Da mai neman dukiya ne ya buɗe shi, da fatar da kwandon da zaren sun watse cikin taɓo, kuma da ba a san cewa mazauna wannan tudu na da hulɗa da wurare masu nisa haka ba. Wannan shi ne tushen hujjar dokar: abin da ake karewa shi ne yadda kaya ke jere a inda aka ajiye su, kuma tono sau ɗaya ake yinsa.

Ɓarnar da ta riga doka

Tona waɗannan kaburbura don neman dukiya tsohon abu ne. Tun a 1324, zamanin Sarki Edward na Biyu, an ba da izinin haƙa wasu tudun kaburbura a Devon don neman taska. Sunayen da mutanen Dartmoor suka laƙaba wa wasunsu sun nuna abin da suke tsammani, domin akwai wanda ake kira da sunan da ke nufin ramin kuɗi, kusa da Yar Tor, da wani mai ma'anar tukunyar zinariya, kusa da Princetown. Yawancin manyan tsibin yankin suna da rami a tsakiya, inda aka haƙa.

Masu neman dutsen gini sun yi ɓarnar da ta kai wannan ko ta fi. A ƙarni na 18 da na 19, da aka riƙa killace sassan tudun da katangu ana kuma shimfiɗa hanyoyi, tsibin duwatsu ya zama ma'adanar da ba ta buƙatar fasawa. A wajajen 1847 ma'aikatan haƙar taɓon ciyayi sun gina wa kansu ɗaki a cikin kushewar Western White Barrow da duwatsunta. A 1833, a Mold da ke Wales, leburori masu kwasar dutse daga wani tudun kabari suka ci karo da mayafin kafaɗa na zinariya, wanda ya farfashe aka rarraba gutsattsarinsa, aka kuma shafe shekaru kafin a sake haɗa shi. A 1837 wasu ma'aikata suka tsinci kofin zinariya a kabarin Rillaton da ke tudun Bodmin a Cornwall. Dukansu biyu suna gidan tarihi na British Museum a Landan, amma yawancin bayanin yadda aka binne masu su ya salwanta.

Sai kuma attajirai da malaman coci masu sha'awar kayan da. Thomas Bateman ya tona kaburbura masu ɗimbin yawa a tuddan Derbyshire da kewaye, ya wallafa sakamakon a 1861. A Dartmoor an kafa kwamitin bincike a 1894, wanda Sabine Baring-Gould da Robert Burnard ke cikin jagororinsa. Sun rubuta abin da suka gani, amma da ma'aunin zamaninsu, inda akan nufi tsakiyar kabari kai tsaye a bar sauran. Ko abin da aka ciro ma bai tsira duka ba. Kan ƙotar wuƙa na amba mai adon zinariya da aka samu a Hameldown a 1872 ya hallaka a 1941, lokacin da jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a birnin Plymouth.

Daga 1882 zuwa 1979

Wanda ya jagoranci neman doka shi ne John Lubbock, ma'aikacin banki, ɗan majalisa kuma masanin tarihin da. Ya fara gabatar da ƙudurinsa a 1873, aka yi ta watsi da shi, domin masu filaye da ke da rinjaye a majalisa na ganin kutse ne cikin haƙƙin mallaka. Kafin nan ya sayi fili a Avebury da kuɗinsa don hana a yi gini a kansa.

Dokar da ta fito a 1882 mai rauni ce. Ta zo da jadawali mai wurare 68 a Birtaniya da Ireland, akasarinsu na zamanin da ba a fara rubutu ba, ciki har da Stonehenge da kusheyin Clava kusa da Inverness. Babu ko ɗaya daga Dartmoor. Mai fili na iya miƙa wurin ga kulawar gwamnati in ya ga dama, kuma in bai miƙa ba, dokar ba ta hana shi rushe shi. Baƙon da ya yi ɓarna kuwa hukuncinsa tarar da ba ta wuce fam 5 ba ko ɗaurin wata guda. An naɗa Janar Augustus Pitt Rivers sufeto na farko, ya kama aiki a 1883, ya riƙa bin masu filaye yana lallashinsu, ya kuma riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1900.

Dokar 1913 ce ta fara ba gwamnati ikon tilastawa. Ta biyo bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan fadar Tattershall, wadda aka ciccire murhunan adonta don sayarwa kafin Lord Curzon ya saye ta ya maido da su. Daga nan gwamnati ta sami damar saka wuri cikin jadawali da kuma ba da umarnin hana taɓa shi. A 1931 aka ƙara ikon kare kewayen wurin, bayan barazanar fasa dutse kusa da Ganuwar Hadrian. A 1979 aka haɗa waɗannan cikin Dokar Kayan Tarihi da Wuraren Kufai, wadda har yau ita ce ginshiƙi a Ingila da Scotland.

Abin da dokar ta tanada

A Ingila, ministan al'adu ne ke saka wuri cikin jadawali, bisa shawarar hukumar Historic England. Sharaɗin shi ne wurin ya zama mai muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya, kuma ana duba zamaninsa, da ƙarancin irinsa, da yadda ya tsira, da alaƙarsa da sauran kufan da ke kusa. Akwai wurare kusan 20,000 a jadawalin Ingila, kimanin 8,000 a na Scotland ƙarƙashin Historic Environment Scotland, da sama da 4,000 a na Wales ƙarƙashin hukumar Cadw. Wani shiri na sake tantancewa da aka fara a 1986 ya ƙara kusheyin tuddai masu yawa a jadawalin Ingila. Kowane wuri na da taswirar da ta nuna iyakarsa, sau da yawa har da 'yar tazara a kewaye.

Shiga jadawali ba ya ƙwace fili daga mai shi, kuma ba ya ba jama'a izinin shiga. Abin da yake yi shi ne hana kowane irin aiki a wurin sai da izinin gwamnati a rubuce. Wannan ya haɗa da rushewa, da cirewa, da sauyawa, da ƙari, da zuba shara ko ƙasa, da malala ruwa, har da gyara. Hanin ya shafi mai fili, ya kuma shafi masanin da ke son tonawa don bincike. Yin aiki ba izini laifi ne mai tarar da ba a ƙayyade mata iyaka ba. Lalata wurin da gangan ko da ganganci na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 2. Amfani da na'urar gano ƙarfe a wurin ba tare da izini ba laifi ne na daban, haka ma ɗauke abin da aka gano da ita.

Akwai wasu dokokin da ke tallafawa. Ciro ƙasusuwan mutum a Ingila da Wales na buƙatar lasisi daga ma'aikatar shari'a a ƙarƙashin dokar binne gawa ta 1857. Dokar taska ta 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci tsohon zinariya ko azurfa ya kai rahoto cikin kwana 14. Dartmoor kuma, wanda ya zama gandun ƙasa a 1951, yana da ƙa'idojinsa da suka hana kwasar duwatsu da amfani da na'urar gano ƙarfe a filayen da jama'a ke yawo.

Inda dokar ke da giɓi

Giɓi na farko shi ne ba duk kusheyi ke cikin jadawali ba. Wanda ba ya ciki ya dogara ne da ƙa'idojin tsara gine-gine, waɗanda ke tilasta wa mai son yin gini ya yi la'akari da kufai, amma ba su da ta cewa kan ayyukan yau da kullum na noma da kiwo.

Na biyu, wani umarni na 1994 ya ba da izini na bai-ɗaya ga wasu ayyuka, ciki har da ci gaba da noma a inda aka saba nomawa, muddin ba a ƙara zurfi ba. Garma na iya ci gaba da aske tudun kabari kaɗan-kaɗan kowace shekara ba tare da an karya doka ba.

Na uku shi ne wuyar tabbatar da laifi. Wanda ake tuhuma na iya kare kansa da cewa bai san wurin na cikin jadawali ba. A 2013 an baje wani sashe na ganuwar Offa kusa da Chirk a Wales, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Majalisar Wales ta taƙaita wannan kariya a dokarta ta 2016, ta kuma ba hukuma ikon dakatar da aiki nan take, sannan ta haɗa dokokinta na kayan tarihi wuri guda a 2023. A Ingila an sami hukunci a wasu lokuta, kamar a 2012, inda kotu ta ci tarar wani mai fili kan lalata ɗaya daga cikin da'irorin Priddy a Somerset, ya kuma ɗauki nauyin gyara.

Na huɗu, dokar na hana aikata ɓarna, amma ba ta tilasta wa mai fili ya kula da wurin. Tsiron biraken, mai saiwoyi masu yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, yana hargitsa abin da ke binne. Ƙayoyi na rufe tsibi, zomaye na haƙa ramuka, shanu na tattake gefe. Babu wanda za a kai ƙara kan waɗannan. Tun 2008 ake wallafa rajistar wuraren tarihi da ke cikin haɗari a Ingila kowace shekara, kuma ana magance irin wannan lalacewa ne ta hanyar yarjejeniya da manoma da tallafin kuɗi.

Hannun masu ziyara

Ita kanta gwamnati ta taɓa yin ɓarna. Daga 1936, masu awon ƙasa sun kafa ginshiƙan kankare a kan ƙololuwa da dama, wasu a tsakiyar tsofaffin kusheyi. Atisayen sojoji a wajajen Yaƙin Duniya na Biyu ya lalata wani ɓangare na Bryn Cader Faner a arewacin Wales, kushewar da dogayen duwatsunta ke karkace waje kamar kambi. Har yau sojoji na da filayen atisaye uku a arewacin Dartmoor, a Okehampton da Merrivale da Willsworthy.

A yau ɓarnar da ta fi yawa a kan ƙololuwa daga masu yawon hawan tudu take fitowa, kuma akasarinsu ba da mugun nufi ba. Wani zai ja duwatsu ya yi ɗan shinge don ya fake daga iska ya ci abinci. Wani zai ɗora dutse a kan tsibi don alamar ya iso. Wani zai jera duwatsu ɗaya bisa ɗaya don ɗaukar hoto. A 2017 Historic England ta yi gargaɗi kan irin wannan jeri a Stowe's Pound da ke tudun Bodmin, wani killataccen wuri na Sabon Zamanin Dutse, tana mai cewa matsar da duwatsun na iya zama laifi. Kowane mutum abin da ya taɓa kaɗan ne, amma bayan shekaru siffar ginin kan sauya, kuma ramin da aka buɗe a tsakiya yakan bar ruwa da iska su isa ga ƙasar da ke rufe tun Zamanin Tagulla.

A Dartmoor, 'yan sa kai tare da masanan hukumar gandun sun yi aikin gyaran wasu kusheyi. Da farko sukan zana taswirar duwatsun kamar yadda suka same su, sannan su rushe shingayen da baƙi suka gina, su cike ramukan da duwatsun da aka ciro daga cikinsu. Ko wannan aiki sai da izinin da dokar 1979 ta tanada, in wurin na cikin jadawali. Gyaran na hana ƙarin lalacewa, amma ba ya iya mayar da kowane dutse ainihin inda mai ginin ya aza shi.

Abin da hukumomin ke nema daga mai ziyara bai wuce ya bar duwatsu yadda ya same su ba, kada ya ɗauka, kada ya ƙara, kada ya hura wuta a kai, kuma ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar gandun in ya ga alamar sabon tono. Kayan da aka ciro daga Whitehorse Hill suna gidan tarihi na The Box a Plymouth, inda jama'a ke iya ganin duwatsun wuyan da abin hannun. Akwatin dutsen da ke kusa da Yar Tor kuwa, wanda ake kira ramin kuɗi, yana nan a buɗe babu komai a ciki.